In Kunne Ya Ji

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mun daɗe muna koyar da wannan karin magana a aji, muna feɗe ta gaɓa-gaɓa, muna nuna wa ɗalibai sigarta da hikimar da ke ƙunshe cikinta, har mukan kawo ta a jarrabawa. Amma ba mu san nauyinta ba sai a daminar 2024, sa'ad da wani ɗan ƙaramin babur da muke hawa ya fara wani irin kuka, muka yi mako shida cur muna jin sa da kunnuwanmu biyu ba tare da mun saurare shi ba. Abin da ya wakana cikin waɗannan makonni, da yadda wani dattijon makanike a garin Kafanchan ya gano cutar cikin abin da bai kai sa'a guda ba, shi ne muke so mu ba mai karatu labari. Muna neman afuwar abokan aikinmu da suka saba ganin mun kawo nazarin waƙa ko na ƙagaggen labari a wannan mujalla, domin kuwa bana da baƙin mai a hannu muka zo.

Yadda Muka Koma Kan Babur

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 har ta ɗara, albashi kuwa yana nan inda yake. Mun yi ta maza na 'yan watanni, muna zuba wa mota mai kamar ana ɗiga magani a ido, daga bisani muka saduda. Muka kafe ta ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, muka lulluɓe ta da tamfol, muka sayi babur na hannu.

Irin ƙananan baburan nan ne da ake kira roba-roba, saboda farar robar da ke kare ƙafafun mahayi. Ba shi da tanki tsakanin gwiwoyi, ba a matsa masa kuloci da hannu, giyarsa huɗu a ƙafa, sarƙarsa kuma tana ɓoye cikin wani gida na ƙarfe. Kakan wannan zuriya shi ne Super Cub, wanda kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fara ƙerawa a 1958, kuma a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Namu dai ɗaya ne daga cikin jikokinsa da ake ƙerawa a ƙasar Sin. Abokan wasa a wurin aiki sun sami abin yi, wai ga Dokta guda a kan babur ɗin mata, ya naɗe babbar riga a cinya kamar mai shirin tsallake rafi. Mukan yi dariya mu wuce, don mun san man da mota ke sha a rana guda yakan kai wannan ɗan tsako mako biyu.

Aikinsa na kullum bai wuce uku ba. Da safe mu ɗauki 'yarmu mai shekara takwas mu ajiye ta a makaranta, mu zarce wurin aiki, da yamma mu biya kasuwa. Ran Asabar kuwa mukan kai shi wurin wankin mota a wanke shi tas da injin feshi, domin mun ƙudurta cewa in ma babur za mu hau, to, ba za a gan mu a kan mai datti ba. Mai karatu ya riƙe wannan batu na wanki, zai dawo.

Farkon Kukan

Wanda ya san Kafanchan ya san daminarta. Garin yana gindin tsaunukan Kagoro, inda ƙasa ke fara hawa zuwa tudun Jos, ruwa kuwa yakan fara tun Afrilu ya kai Oktoba bai ɗauke ba. A watan Agusta titunan cikin unguwa sukan koma kududdufai, ba ka da zaɓi sai ka ɗage ƙafafu ka kutsa.

Cikin wannan hali ne, wata ranar Talata, muka fara jin wani sauti ƙasa-ƙasa yana tasowa daga ƙarƙashin ƙafafunmu, kamar ana gurza tsakuwa a kan dutsen niƙa daga can bayan katanga. In muna tafiya a hankali ba ya fitowa sosai, in mun ƙara gudu sai ya ƙaru. Tun kafin mu isa ofis mun riga mun yanke hukunci cewa inji ne. Hujjarmu kuwa, ai daga ƙarƙashin ƙafa sautin ke fitowa, inji kuma nan yake. Sannan babur na hannu ne, wa ya san wahalar da mai shi na farko ya ba shi? Daɗin daɗawa, mun ɗan leƙa intanet mun karanta abu biyu uku a kan cututtukan inji, sai muka ji kamar mun zama likita. Gaskiyar Hausawa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kwana uku bayan haka, muna kan hanyar makaranta, 'yarmu ta matso bakinta kusa da kunnenmu ta ce, “Abba, a ƙarƙashina yake kuka.”

Muka ce, “Riƙe ni da kyau, inji ne, yana gaba.”

Ta ce, “Allah Abba ina jin sa a ƙafata.”

Muka ce ta yi shiru kada ta ɗauke mana hankali a kan titi. Ta yi shiru, ba ta kuma sake tayar da maganar ba.

An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai wani saurayi mai gyaran babur a bakin layinmu, yaro mai ladabi da zafin nama. Muka kai masa, kuma ba mu ce masa ga abin da muke ji ba, cewa muka yi, “Injin nan ne ke gurza, duba mana shi.” Ya tayar da shi, ya murɗa totur har kajin maƙwabta suka watse. Cikin wannan ruri ko aradu aka yi ba za a ji ba, balle gurza. Ya juye baƙin mai, ya sauya fulogi, ya daidaita bawul, ya ce an gama. Daga shagonsa zuwa gida taku kaɗan ne, a hankali kuma muka tafi, saboda haka ba mu ji komai ba, muka shiga gida muna yabon basirarmu.

Washegari a kan titin kwalta kuka ya dawo, har da ƙari. Muka jure mako biyu, muka koma. Wannan karon muka ce masa lalle abin yana can ciki, sai an buɗe. Ya buɗe gefen inji, ya sauya farantan kuloci, ya sauya 'yar sarƙar da ke cikin inji. Abin da muka kashe a zuwa biyun nan ya kusa sayen rabin buhun masara a farashin wancan lokaci, cikin watan da uwargida ke auna shinkafa da gwangwanin madara. Kuka kuwa ko gezau.

Ba mu ga laifin yaron nan ba, har yau kuma muna gaisawa. Mu ne muka kai masa cuta da sunanta a rubuce, ga mu da furfura a gemu, ga shi ana kiran mu Dokta. Ina shi ina musa mana? Abin da muka nema shi ya sayar mana. Abin kunyar shi ne, wannan ita ce ainihin ɗabi'ar da muke yi wa ɗalibanmu faɗa a kanta kowace shekara: ɗalibi ya zaɓi mazhabar tarke tun bai buɗe littafi ba, sa'an nan ya shiga cikin littafin da fitila yana neman abin da zai gaskata shi, duk abin da ya saɓa masa kuma ya tsallake. Mun sha jan layi da jan alƙalami a gefen kundi muna rubuta, “Koma ka karanta matanin.” Ga shi mu ma an ba mu matani mai ƙafa biyu, mun kasa karantawa.

Hayin Dogo

Wanda ya cece mu shi ne wani mai gadin ƙofa a wurin aikinmu, mutumin Zonkwa. Wata safiya muna shiga ya ɗaga mana hannu, ya ce, “Ranka ya daɗe, tun daga kwana nake jin zuwanka kwanan nan. Wannan kuka ba na inji ba ne. Ka kai shi wurin Baba na hayin dogo.” Ya kwatanta mana wurin.

A nan dole mu faɗi wata gaskiya marar daɗi. A Kafanchan aka haife mu. Muna firamare aka yi rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi ta garin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da wasu garuruwa. Muna magidanci aka yi na bayan zaɓe a watan Afrilu na 2011, wanda a cikinsa kasuwar garin ta ƙone. Tun daga nan mutane suka yi ta ƙaura a cikin gari ɗaya, kowa ya matsa kusa da waɗanda yake ganin nasa ne, kowane ɓangare ya sami mahaucinsa da telansa da makanikensa. Ba wanda ya kafa doka, ba kuma wanda ya gina katanga, ƙafa ce kawai ta daina zuwa. Da mai gadi ya ambaci unguwar, sai muka lissafa a zuci muka tarar shekara goma sha uku rabonmu da taka ta, alhali kuwa daga gidanmu tafiyar minti goma ce, kuma a can muka yi ƙwallon ƙafa muna yara. Sai da muka ƙara kwana huɗu muna jinkiri, kukan yana ƙara kauri, har ƙafar baya ta fara yi mana wata 'yar rawa a kwana, sa'an nan muka tafi.

Muka tarar da shi zaune a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano, dattijo ne da zai kai shekara saba'in, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Yaransa biyu suna fama da wani babur ɗin 'yan acaɓa.

Muka ce, “Baba, sannu da aiki.”

Ya ce, “Yawwa Malam, sannu da zuwa. Ya gida, ya ruwa?”

Hausarsa irin ta Kudancin Kaduna ce, wadda Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da sauran al'ummomin yankin ke cin kasuwa da ita tsakaninsu, wadda ba ta cika damuwa da bambanta jinsin namiji da na mace ba. Za mu kawo maganarsa a nan bisa daidaitacciyar Hausa. Amma muna shaida wa mai karatu cewa, a ranar, malamin da ke rage wa ɗalibai maki saboda jinsi shi ne ya rasa kalmomi.

Muka fara, “Baba, injin nan ne...”

Ya ɗaga hannu. “Malam, bar inji tukuna. Yaya yake kuka?”

Muka ce, “Wata irin ƙara ce dai marar daɗi.”

Ya ce, “Duk ƙara ba ta da daɗi. Ƙyas-ƙyas yake yi, ko kacau-kacau, ko ƙiii, ko gurrr?”

Muka yi tsuru. Amsa-kama ke nan, darasin da muke koyarwa a shekarar farko, muna kawo misalai daga littattafai. A wurin wannan dattijo kuwa kowace ɗaya sunan cuta ce. Ƙyas-ƙyas na bawul ne in ya saki, yana bin bugun inji. Kacau-kacau na sarƙa ne in ta yi sako-sako tana dukan gidanta, ya fi fitowa a gargada ko in an saki totur. Ƙiii na birki ne in fatarsa ta cinye ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, kuma sai an taka yake yi. Gurrr kuwa, in ji shi, na abin da ke juyawa ne ba mai.

Muka ce, “Gurrr ne.”

Ya ce, “To. Totur yake bi, ko gudu yake bi?”

Muka ce ai duk ɗaya ne, in ka murɗa totur gudu zai ƙaru.

Ya yi murmushi ya ce, “A gangara fa? Ka saki totur, babur yana gudu. Kukan yana raguwa?”

Mun sauko gangara ba adadi cikin makonnin nan shida, amma ba mu taɓa lura ba. Sai ya sake jefo wata tambayar: “Wa ke zama a baya?”

Muka ce 'yarmu ce.

“Ita me ta ce?”

Muka sunkuyar da kai muka faɗa masa. Bai ce komai ba, ya miƙe ya karɓi makulli.

Yadda Ya Bi Sawun Kukan

Abin da ya yi daga nan muna so mu tsara shi daki-daki, domin ɗalibai da ma'aikata da yawa yanzu a kan irin wannan babur suke, wataƙila ya amfani wani.

Da farko ya ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya tayar da inji, ya bar shi yana bugawa a hankali ba tare da ya murɗa totur ba. Ya ɗauki doguwar sukundireba, ya kafa bakinta a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa, kamar yadda likita ke sauraron ƙirji. Ya saurari sama, ya saurari gefen kuloci, ya saurari gefen giya. Sa'an nan ya ɗan ƙara wuta kaɗan, ya sake saurare. Ya ce, “Injinka lafiya lau. Tun asali ma lafiya lau yake.” Ma'anar wannan gwaji ita ce, in ƙafafu suna tsaye inji yana aiki kuma ba kuka, to, inji ya fita daga zargi.

Na biyu, ya sa babban yaronsa ya tura babur zuwa saman wata 'yar gangara da ke gefen shago, ya sa shi a firi, ya gangaro da inji a kashe. Cikin wannan shiru sai ga kukan nan ya fito tsirara, gurrr, gurrr, yana ƙaruwa da ƙaruwar gudu. Mu da kanmu, da ke tsaye a gefe, muka ji daga baya yake fitowa. Saura abu uku ke nan: birki, sarƙa, ko boris ɗin ƙafa.

Na uku, ya sa yaron ya sake gangarowa, ya ɗan taɓa birkin baya a tsakiyar hanya. Kukan bai sauya murya ba. Da birki ne, da takawar ta ƙara shi ko ta sauya shi. Sa'an nan ya ce wa yaron ya tayar da inji ya zaga unguwa sau biyu, amma da birkin gaba kawai zai riƙa tsayawa, kada ya taɓa na baya. Da ya dawo, dattijo ya kai bayan hannunsa kan cibiyar ƙafar gaba, ya kai kan ta baya, ya ce mu ma mu taɓa. Ta gaba sanyi ƙalau, ta baya kuwa da zafi kamar murfin tukunya. Ya bayyana mana cewa birkin irin wannan babur a cikin cibiyar yake, in an taka shi dole ta yi ɗumi, shi ya sa ya hana a taka. Zafin da ya rage ke nan ba na birki ba ne.

Na huɗu, ya buɗe gidan sarƙa, ya duba sakinta da yatsa, ya duba haƙoran farantin da take hawa, ya ce ba laifi. Duk da haka ya ɓalle mahaɗinta ya zare ta gaba ɗaya, don ƙafar ta juya ita kaɗai. Ya juya ta da hannu, ya ce mu ɗora tafinmu a kan ƙarfen da ke riƙe da ita. Muka ji wani ɓarzo-ɓarzo yana ratsa ƙarfen zuwa cikin hannunmu, kamar an zuba yashi a ciki. Daga ƙarshe ya kama taya da hannu biyu ya girgiza ta hagu da dama. Ta yi ƙwas, ta motsa. Ƙafa mai lafiya ba ta motsi ta wannan fuska ko kaɗan.

Muka tambaye shi, to, me ya sa muke jin kukan a ƙarƙashin ƙafafunmu? Ya ƙwanƙwasa gidan sarƙa da sifana, ya ce, “Wannan ganga ce. Ciwo yana baya, ƙarfe ya ɗauko kukan ya kawo nan, ganga ta buga maka. Kai kana jin ganga, yarinya tana zaune a kan mai ciwon.”

Da aka kwance ƙafar aka fitar da boris, sai jikinmu ya yi sanyi. Boris wasu zobba ne biyu na ƙarfe, ƙarami cikin babba, da 'ya'yan ƙarfe masu santsi a tsakaninsu suna mirginawa cikin giris. Biyu ne a cibiyar ƙafar baya, da na uku a jikin farantin sarƙa. Na ɓangaren birki babu ɗigon giris a cikinsa, sai wani jan laka na tsatsa. 'Yar ragar da ke raba 'ya'yan ta karye, biyu daga cikinsu sun farfashe, sauran sun yi ƙuraje. Dattijo ya zuba su a tafin hannunmu ya ce, “Wannan ba ya ba da rana. Yana iya kai ka wata guda, yana iya cijewa gobe. In ya cije kana gudu, ƙafar baya ta tsaya cak, babur ya watsar da ku.”

A daren jiya kawai muka gama shirya cewa ran Asabar za mu kai yarinyar nan Kagoro wajen wani abokinmu ta ga duwatsu, a kan titin da manyan motoci ke bi. Muka nemi benci muka zauna.

Ya ce, “Ruwa kake shiga da shi?”

Muka ce damina ce, ba makawa.

“Da me kake wanke shi?”

Muka ce da injin feshi, duk Asabar.

Ya girgiza kai. “Kududdufi yana jiƙa shi, amma injin feshi tura ruwa yake yi ta bayan roba har cikin boris, ya kore giris. Ka wanke waje, ka kashe ciki. Bokiti da tsumma sun ishe shi.”

Ya aiki yaro ya sayo sababbi guda biyu masu lamba 6301, irin masu murfin roba gefe da gefe, ya ce ba a sauya ɗaya a bar ɗaya, don wahalar da ɗaya ya sha ɗan'uwansa ma ya taɓa ta. Wajen sa su ya hana yaran taɓa guduma, shi ya karɓa. Ya ɗora wani guntun bututu a kan zoben waje kaɗai, yana bugawa sannu-sannu yana zagayawa, ya ce in ka bugi zoben ciki, ka lotsa hanyar 'ya'yan tun ba su fara aiki ba. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Kuɗin kaya da na aiki duka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da muka zubar a baya ba.

Gadon Tasha

Yayin da yara ke mayar da sarƙa, muka tambaye shi inda ya koyi wannan sauraro. Ya nuna mana wajen tashar jirgin ƙasa da haɓarsa.

Kafanchan dai jirgi ne ya raya ta. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratso Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna ta nan, wani reshe kuma ya haura Jos, sai garin ya zama mahaɗa, ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya suka zo suka zauna. Mahaifin wannan dattijo yana cikinsu. Aikinsa shi ne, in jirgi ya tsaya, ya bi taragai ɗaya bayan ɗaya da guduma mai dogon ƙota, yana ƙwanƙwasa kowace ƙafa. Lafiyayyar ƙafa takan amsa da ƙara mai tsawo, wadda ta tsage kuwa takan amsa a dakushe, kamar dai yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya. Bayan haka sai ya kai bayan hannu kan akwatin da sandar ƙafa ke juyawa a ciki, ya ji ko ya yi zafi. In ya ce tarago ba zai tafi ba, to, ba zai tafi ba, ko da wane ne a ciki.

Ya ce, “Ina yaro ni ke kai masa abinci. Sai ya ba ni guduma ya ce in buga, in faɗa masa abin da na ji. In na yi saurin amsawa ya ja mini kunne. Bai yi makaranta ba, amma Turawa da injiniyoyi shi suke jira.”

Sai muka tuna cewa mu ma mun san wannan sauti. Muna yara, in an aike mu tasha da yamma, mukan ji ƙwal, ƙwal, ƙwal yana tafiya daga kan jirgi zuwa wutsiyarsa, ba mu taɓa tambayar ko na mene ne ba. Muka faɗa masa sunan unguwar da aka haife mu da sana'ar mahaifinmu, wato awon citta. Ya cire tabarau ya dube mu da kyau, ya ce ya san rumfar, ya sha gyara wa tsohon kekensa. Muka yi ta lissafa mutanen da, wane ya rasu, wane ya koma Jos, wane ya koma Kano bayan 2011 bai sake dawowa ba. Har aka kira la'asar daga can hayinmu, shi ne ma ya ce, “Malam, lokacinku ya yi,” ya sa yaro ya kawo mana ruwa a buta.

Kammalawa

Mun hau babur muka nufi gida cikin wani shiru da muka manta akwai irinsa. Da muka isa muka kira 'yarmu, muka zuba mata fasassun 'ya'yan boris a hannu, muka nuna mata daidai inda aka ciro su, wato ƙarƙashin wurin zamanta. Muka ce mata ita ce da gaskiya, mu ne muka yi kuskure. Ta juya su a tafinta, ta ce, “Ai na faɗa maka, Abba.” Muka ce ƙwarai ta faɗa.

Ga ɗan'uwa mai irin wannan babur, abin da muka koyo a taƙaice shi ne: in ya fara kuka, kada ka raɗa wa cutar suna kafin ka isa wurin mai gyara. Ka lura ko totur kukan ke bi ko gudu. Ka saurare shi a tsaye da inji a kunne, ka saurare shi a gangara da inji a kashe. Ka taɓa birki ka ji ko muryar ta sauya, ka girgiza ƙafa ka ji ko tana motsi, ka taɓa cibiya ka ji ko ta yi zafi. Ka tambayi wanda kake goyo abin da yake ji, ko da yaro ne. Kada kuma ka yarda a kwance abu mai tsada alhali ba a gwada mai araha ba.

Tsohon boris ɗin yana nan a kan teburinmu na ofis, muna danne takardu da shi. Ɗaliban da ke zuwa da kundi sukan tambaye mu ko mene ne, mu kuwa mukan ba su labarin kafin mu buɗe babi na ɗaya. Mota tana nan ƙarƙashin mangwaro. Babur kuma tun daga ranar hayin dogo muke kai shi, wani lokaci ma ba abin da ya same shi, mukan dai ce a duba mana sarƙa, mu zauna a benci a yi hira. Da damina ta ɗauke a shekarar muka je da yarinyar, dattijo ya ba ta sukundireba ya ce ta sa a kunne ta faɗa masa abin da ta ji. Ta daɗe tana saurare kafin ta amsa, ya dube mu ya ce wannan ba za a ja mata kunne ba.

Allah ya ba mu kunnen ji, ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu, amin.